Lungun da Ya Karkace

An ce wai a wani tsohon birni akwai unguwar da lungunta ya miƙe sambal, sai da ya iso gidan wata tsohuwa, Iya Tabawa, sannan ya karkace ya kewaye shi. A gidan aka haife ta, kuma duk danginta sun riga ta tafiya, sai ita da kajinta.

Daura da ita akwai wani attajiri, Madugu Tanko, wanda jakunansa kullum sai sun gogi katangarta da kaya. Maimakon ya ji kunya, sai ya kai ƙara wai kakanninta sun ci hanya, a rushe ɗakinta lungu ya miƙe.

Alƙali ya ce, "Iya, kina da shaida?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, shaiduna duk suna maƙabarta. Ni dai haka na buɗe ido na ga gidan."

Abin tausayi, har ta fara tunanin inda za ta kai tukwanenta. Alƙali kuwa bai yanke hukunci a zaune ba, ya taka har unguwar. Ya tsaya gaban zauren Madugu yana ta yaba ginin, ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?"

Madugu, da yake ba ya ƙin yabo, ya gyara rawani ya ce, "Kakan kakana. Tun daga zamaninsa ko tubali ɗaya ba a sauya ba, duk unguwa shaida ce."

Alƙali ya ce, "Madalla. To dubi gaban zauren. A karkace aka gina shi, yana bin kwanar lungun nan. Ashe da kakan kakanka ya zo, ya tarar da gidan nan a tsaye, ya karkatar da nasa don kada ya matsa wa maƙwabci. Iya ta ce shaidunta sun mutu, ga ɗaya a tsaye, kuma kai ka wanke shi da bakinka. Gida ya zauna. Inda jakunanka suka goge, ka yaɓe mata kafin damina."

Iya Tabawa ta dafa katangarta, hawaye ya zubo mata. Har yau lungun bai miƙe ba, sunanta ma yake amsawa.

Wanda ya gaji ginin kakansa, ya haɗa da kunyar da aka yi ginin da ita.