Ɗari Biyun da Ya Gani a Allo

Akwai wani mutum da ƙannensa suke kira Alƙali a bayan idonsa. Ba shari'a ya karanta ba, ɗan kasuwa ne. Sunan ya bi shi ne saboda kafin ka kai ƙarshen magana ya riga ya yanke hukunci. Amma a faɗi gaskiya, yana son mahaifiyarsa kamar ransa.

Da aka gano ciwon daji a wuyan Umma, shi ya tsaya tsayin daka har aka sama mata gurbi a sashen gashi, inda wata na'ura take harba haske mai ƙarfi ya ƙone ƙarin. Likita ya zaunar da su ya yi bayani.

"Ma'aunin hasken da jiki yake sha ana ce masa gire. Kullum za mu ba ta gire biyu, kaɗan-kaɗan har a gama. Abu ɗaya nake roƙonku, kada a yi fashi."

Autar gidan ce take raka Umma kullum, kuma an fara ganin haske, har ƙarin ya soma sacewa. Ran nan Alƙali ya ce shi zai kai su da kansa, ya ga abin da ake yi wa uwarsa.

Aka shigar da Umma, aka ja wata ƙatuwar ƙofa mai kauri aka rufe. An ce kowa ya jira a benci. Ina! Mutumin naku ya kasa zama. Ya bi ta gefe ya leƙa ɗakin da ma'aikaciyar take sarrafa na'urar. Idonsa ya sauka a kan allon kwamfuta. Sunan Umma ne a sama, a ƙasa kuma lamba ɓaro-ɓaro: 200.

Ya zaro waya ya ɗauki hoton allon, ya bincika abin da gire ɗari biyu yake yi wa mutum. Abin da ya karanta ya nuna masa babu mai shan haka ya rayu.

Ya banka ƙofar. "Ke! Kashe injin nan! Kashe shi na ce!"

Ma'aikaciyar ta zabura. "Malam, lafiya? Nan ba a shigowa."

"Biyu likita ya ce! Ɗari biyu kike ɗura mata! Kashe min uwa za ku yi?"

"Don Allah ka saurare ni, wannan lambar..."

"Babu abin da zan saurara! Da idona na gani!"

Ya miƙa hannu zai finciki wayoyin da ke bayan tebur. Dole ta danna maɓallin tsayarwa. Aka buɗe ƙofa, ya shiga ya tallafo Umma daga kan gadon, tsohuwa tana ta tambayar me ya faru.

Likita ya taho da sauri ya tare su a baranda. "Bawan Allah, ba ni minti ɗaya na nuna maka. Babu kuskure a nan."

"Dama za ka ce akwai? Ai bakinku ɗaya. Matsa min!"

Auta ta biyo shi har mota tana kuka. "Yaya, ka tsaya ka ji ta bakinsu mana. Ni fa kullum ina nan, kuma Umma tana samun sauƙi."

"Rufe min baki. Kullum kina nan ana gasa ta da ranta, kina latsa waya."

Jama'a, wallahi nan ne abin ya fi ƙona min rai. Asibitin sun yi ta kira, ya ƙi ɗagawa. Suka kira Auta, ya ƙwace wayar ya toshe lambar. Ya tara dangi ya nuna musu hoton allon da ya ɗauka, kowa ya yi ta salati ana sa masa albarka, wai ya ceci uwarsa. Wa zai ja da babban yaya?

Makonni suka shuɗe Umma tana gida. Muryarta ta fara dushewa. Abinci ya koma sai mai ruwa-ruwa, shi ma da ƙyar yake wucewa.

Shi kuwa Alƙali ƙara yake shirin kaiwa. Lauya ya ce sai ya samo wani ƙwararren likita da zai tabbatar an yi ganganci. Ya samu wani dattijon likita a wani asibitin, ya miƙa masa hoton yana huci.

Dattijon ya gyara tabarau, ya duba, ya ɗago. "Mita biyu santimita nawa ne?"

"Ɗari biyu. Me ya kawo wannan?"

"To gire biyu ma santigire ɗari biyu ne. Na'urori da yawa da santigire suke nunawa. Mu da muka daɗe a aikin, rad muke ce masa a da, shi ma ɗari ne a gire ɗaya. Abin da aka ce za a ba ta, shi aka ba ta, ko ɗigo ba a ƙara ba." Ya ajiye wayar. "Ina fatan dai ba a dakatar da gashin ba?"

Alƙali ya sunkuyar da kai ya ce an dakatar.

"Tun yaushe?"

Da ya faɗa masa, dattijon ya cire tabarau. "Tashi ka mayar da ita yau. Irin wannan ciwon idan aka taɓa shi aka bari, da gudu yake dawowa."

A ranar suka koma. Ma'aikaciyar nan da ya ci wa mutunci ita ta fito da keken marasa lafiya ta tarbi Umma, ko kallon banza ba ta yi masa ba. Ta ɗauko wani abin rufe fuska na roba mai raga-raga, wanda aka ƙera daidai fuskar Umma da wuyanta don kada ta motsa lokacin gashi. Ta ɗora mata, ta danna. Ya ƙi zama. Ta sake gwadawa a hankali. Wuyan ya kumbura ya fi ƙarfinsa.



Likita ya ce, "Sai mun sake hoto, mu sake lissafi daga farko. Za mu yi iya ƙoƙarinmu. Amma ba zan ɓoye muku ba, damar da muke da ita a da ba ita muke da ita yanzu ba."

Auta ta juyo kan yayanta, idonta jawur, ta buɗe baki. Umma ta ɗaga hannu ta tsayar da ita. Da sauran muryar da ta rage mata ta ce, "Ƙyale yayanki. Tsoro ya ji, don yana sona."

Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya sulale ƙasa a gaban kowa, ya riƙe ƙafafunta yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi: Ganin lamba ba shi ne sanin ma'anarta ba. Kafin ka ɗaga murya, tambayi da wane ma'auni aka auna, kuma ka bar wanda ya sani ya kai ƙarshen maganarsa. So idan ya haɗu da girman kai, wanda kake so shi yake fara cutarwa. Ku tura wa duk mai jinyar wani nasa, wataƙila ku hana wani gidan irin wannan nadamar.