Manomin da Ya Rufe Bakin Babur Ɗinsa

Akwai wani manomi da ke zaune a ƙauye bisa dutse, yana da tsohon babur da ya gada wajen mahaifinsa. A kansa yake sauka da matarsa kasuwa kowace Laraba, ta wata gangara mai kwana-kwana, rami na gefe guda.

Wata safiya ya tayar da babur, sai ya ji wata ƙara a cikin injin, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya duba sarƙa, ya ɗaure kusoshi, ya sake fulogi, ƙarar tana nan. Ya san akwai tsohon bakanike a bakin kasuwa, amma yana tsoron a buɗe injin a ce masa babur ɗin mahaifinsa ya gama yayi. Ko a gona, da ya tuna ƙarar sai fartanya ta yi masa nauyi.

Sai maƙwabcinsa, irin mutanen nan da ba su taɓa rasa shawara ba, ya ce masa, "Zuba masa mai mai kauri, irin na giyar tarakta. Zai yi shiru." Ya zuba, injin kuwa ya yi tsit. Manomin ya yi murna, ya ce wa matarsa babur ya warke.

Ran Laraba bakaniken ya tsayar da shi. "Ɗana, makon jiya na ji babur ɗinka yana kuka. Wa ya buɗe maka shi?"

"Ba wanda ya buɗe, Baba. Da kansa ya daina."

Tsohon ya ɗora tsinin sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya daɗe yana saurare. Ya ɗebo man a yatsa, ya nuna masa garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. "Yana cin kansa ne, ka dai toshe masa baki. Bar shi nan in buɗe."

Amma tsoron abin da za a gani ya fi ƙarfin manomin. Ya ce, "Sai mako mai zuwa, Baba." To, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Mako ya zagayo, suna tsakiyar gangara injin ya buga. Tayar baya ta kafe, babur ya zame, matar ta faɗa cikin rami. Manomin ya sauka cikin ramin a guje yana kiran sunanta, ya same ta kwance, ƙafarta ta karye. Ta dube shi cikin hawaye ta ce, "Baban Hanatu, ai ka ce ya warke."

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙarar nan lamirinka ce, Allah ne yake faɗakar da kai ta wurinta. Man mai kauri kuwa hujjojin da muke kawowa ne: kowa ma yana yi, ba wanda ya gani, sai wani lokaci. Bakanike shi ne Ubangiji, wanda yake jin abin da ka ɓoye, kuma ba ya buɗe zuciya sai domin ya gyara ta.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai zunubin da dā yake hana ka sukuni, yanzu kuma ba ka jin kome alhali ba ka tuba ba, kada ka yi murna, ka ji tsoro. Ka zo wurin Yesu yau ya buɗe. Ka kuma tuna ba kai kaɗai za ka faɗi ba, akwai waɗanda suka amince da maganarka suka hau bayanka.