Teburin Masu Gidaje

Akwai wani mai gidajen haya a garinmu, can kusa da birnin Kassel a ƙasar Jamus, sunansa Gernot Vollmer. Shi da abokansa biyu, Ulf da Detlef, su ke da kusan duk benayen garin. Duk Alhamis suna da teburinsu a gidan abincin bakin kasuwa, wanda ba mai zama sai an gayyace shi. A nan suke yanka kuɗin haya, kuma sun yi rantsuwa babu mai karɓar ɗan hayar wani.

Hiltrud Brandl tana hayar Gernot, a hawa na uku. Mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, wata da watanni bai taka ƙasa ba. Ɗakin ƙasa kawai take nema. Gernot ya ce babu, ya kuma ƙara mata haya. Ta je wurin Ulf, ta je wurin Detlef, kowa ya ce gidansa ya cika. Alhali da idonta ta ga ɗakin Ulf a rufe, ko labule babu.

Ranar Alhamis ta shiga gidan abincin, ta ja kujera ta zauna a teburin.

"Malama Brandl, kin ɓata hanya ne?" in ji Gernot. "Teburin masu haya yana can kusa da bayi."

"Ɗakin ƙasa nake so. Ulf yana da shi."

Ulf ya sosa ƙeya. "Gernot, mijin nan nata fa..."

Gernot ya katse shi. "Rufe mana baki, sakarai! Kai da ka gaji bene ɗaya ruɓaɓɓe? Ba don ni ba da yanzu tsiran alade kake soyawa a tasha."

Detlef ya bushe da dariya. Kunnuwan Ulf suka yi ja.

Hiltrud ta miƙe. "Ƙungiyar 'yan haya ta kai ƙararku wurin hukumar hana haɗa baki. Lauyarmu ta ce wanda ya fara zuwa ya faɗi gaskiya, shi ake yafe wa. Mutum ɗaya tak."

"Fita, mayya!" Gernot ya buga tebur. "Mu nan tsintsiya ce, maɗaurinmu ɗaya!"

Ita ba shi take kallo ba. Ulf take kallo.

Washegari Ulf ya hau jirgin ƙasa na farko zuwa ofishin hukumar, ya tona asirin komai. Detlef ma ya tafi a ɓoye, amma ya tarar an riga shi. Tarar da aka ci Gernot sai da ya sayar da benaye biyu.

Yanzu Hiltrud tana ɗakin ƙasan Ulf. Da hantsi takan turo mijinta waje a keken marasa lafiya ya sha rana.

Darasi: Waɗanda suka haɗa kai don su matse talaka ba amana ce ta haɗa su ba, kwaɗayi ne. Wanda ka wulaƙanta a gaban mutane kuwa, sirrinka na hannunsa. Don Allah ku tura wa duk mai zaman haya, kada wata mace ta yi ta kuka ita kaɗai.