Mai Inji da Ciyawar Mama Afiniki

An yi wani mutum a wani ƙauye na gindin dutse, manomi ne, kuma ba mugu ba ne. Ku riƙe wannan tun yanzu, don kada in gama wani ya ce labarin mugaye na ba ku. Mutumin nan ba ya fashin sujada, hannunsa a sake yake, in aikin ikilisiya ya taso shi ne kan gaba. Abu ɗaya ne da shi: in ya ƙudura abu a ransa, to kunnensa ya toshe ke nan.

Gonakin ƙauyen duk a gangare suke, ga duwatsu, ga ƙaya. Sassabe da adda a irin wurin nan, sai wanda ya yi ya san zafinsa. Ana nan sai mutumin ya sayo injin yankan ciyawa, irin wanda ake kama hannuwansa ana bin sa a baya, wuƙa tana juyawa a ƙarƙashinsa. Ciyawa, ƙaya, ƙananan itatuwa, duk abin da ya shiga gabansa sai ya niƙe shi gutsi-gutsi. Aikin da mutum goma za su yini a kai, shi kafin rana ta take ya gama. Ƙara kuwa, kai! In ya ja igiyar ya tayar da shi, kajin unguwa sai su watse.

A ƙarshen ƙauyen akwai wata tsohuwa gwauruwa, ana ce da ita Mama Afiniki. Ɗakinta ɗaya ne, ginin ƙasa mai jinka, mijinta ne ya gina shi da hannunsa, kabarinsa kuma yana nan kusa. 'Yarta ɗaya tana aure a wani birni mai nisa, ta yi ta roƙon uwar ta dawo wurinta, tsohuwa ta ce ita a ɗakin nan za ta ƙarasa kwanakinta. A bayan ɗakin akwai gangare wanda ba a nomawa, ciyawa ta cika shi, ta fi tsayin mutum. Wanda bai sani ba sai ya ce daji ne aka ƙyale. Amma shuci ne, ciyawar jinka. Jinkar Mama Afiniki ta riga ta tsufa, ta fara zuba, ita kuwa tana jiran shucin ya ƙosa a yanke shi da lauje, a yi mata sabuwar baibaya kafin wata daminar.

Akwai al'ada a ƙasar nan. In kana son ciyawa, sai ka tattara kawunanta nan da can ka ƙulle. Duk wanda ya ga ƙulli ya san ciyawar tana da mai ita, ko makiyayi ya gani sai ya kauce da shanunsa. Mama Afiniki ta bi gangaren nan da sandarta, tana hutawa tana tashi, ta yi ƙulli wajen ashirin.

Wata Lahadi a ƙarshen damina aka yi wa'azi a kan taimakon gwauraye. Maganar ta shiga zuciyar mutumin nan ƙwarai. Ya ce a ransa, “Dubi bayan ɗakin Mama Afiniki, macizai za su cinye tsohuwar nan muna kallo. Gobe zan share mata shi tas.” Matarsa ta ce, “Maigida, ka fara shiga ka gaishe ta mana.” Ya ce, “In na tambaya, kunya za ta sa ta ce a bari. Gara ta fito ta gani kawai.”

Da safe ya tura injinsa ya zagaya ta bayan gida, ko sallama bai yi ba. Kada ku ce bai duba wurin ba. Ya duba. Ya bi gangaren kansa a sunkuye, yana tsince duwatsu don kada su fasa masa wuƙar inji. Ƙasa ya duba, ƙullin kuwa suna sama, wani ma har ya taɓa masa hula. Sa'an nan ya ja igiya.

Da Mama Afiniki ta ji ƙara, ta fito da sauri iyakar saurin tsohuwa. Ta tsaya a gindin gangaren tana ɗaga hannu biyu, tana kira. Ƙafarta ba ta iya hawa da gudu. Mutumin ya hango ta, ya yi murmushi, shi ma ya ɗaga mata hannu, ya ƙwala murya ya ce, “Kada ki damu, Mama! Don Allah nake yi!” Ya ci gaba. Ta yi ta kira har muryarta ta dushe, sai ta koma ta zauna a kan turmi.

Kafin rana ta take gangaren ya zama fili fetal. Shucin da ake bukata dogo-dogo ya koma kamar dusa. Mutumin ya kashe inji ya sauko yana sharce gumi. Tsohuwa ta miƙa masa ruwa a ƙwarya, ta ce, “Sannu da aiki, ɗana.” Ya ga idonta da hawaye, ya ce a ransa, murna ce.

Ranar Lahadi ya tashi ya ba da shaida a gaban jama'a, aka tafa masa. Mama Afiniki tana zaune a bencin mata, ita ma ta tafa. Daga ranar bakinta ya rufu. Yaya za ta je ta nemi ciyawa a wurin wani, ba ta tona asirin wanda aka tafa wa ba? Rani ya zo, gobarar daji ta cinye abin da ya rage a tuddai. Ta samo tsofaffin buhuna da leda ta cusa a inda jinkar ta ɓule.

Damina ta sauka, da ƙarfi kuwa a shekarar nan. Ruwa ya yi ta bin bango yana jiƙa shi. Ran nan da la'asar, tana waje tana kwashe shanya, bangon baya ya zube, jinkar ta bi shi. Allah ya kiyaye ranta, amma ɗaki ya tafi.

Bayan kwana biyu 'yarta ta iso da mota don ta ɗauke ta. Jama'a suka taru, mutumin nan ma ya zo, har yana faɗa. Ya ce wa 'yar, “Haba ƙanwata! Yaya kuka bar jinkar Mama ta lalace haka ba a sake ta ba?” Ta dube shi ta ce, “Da wace ciyawa, Yaya?” Ta nuna masa gangaren.

Ya tuna hannuwa biyun nan a sama. Ya je ya durƙusa a bakin ƙofar mota ya ce, “Mama, don me ba ki faɗa mini ba?” Ta dafa kansa ta ce, “Na faɗa, ɗana. Na yi ta faɗa. Injinka ne ya fi ni murya.”

Mota ta tashi. Mutumin ya yi kuka kamar yaro, bai ji kunyar kowa ba. Da rani ya sake gina ɗakin, ya rufa shi da kwano, ya aika a gaya mata ta dawo. Aka ce masa ta kwanta ciwo, ba ta iya doguwar tafiya. Ba ta dawo ba. A can ta rasu, aka binne ta cikin mutanen da ba su san sunan mijinta ba.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Mutumin nan ni ne, kai ne, ke ce, duk ranar da muka tashi yin alheri ba mu tambaya ba. Injin shi ne ƙarfin da Ubangiji ya sa a hannunmu: wani dukiya, wani ilimi, wani matsayi a ikilisiya, wani kuwa baki ne kawai mai kaifi. Ba laifin inji ba ne, kyauta ce mai kyau. Amma ƙarfi yana da ƙara, mai ƙaramar murya kuwa ba ya iya ƙetare ta. Ƙullin ciyawa su ne alamun da marasa ƙarfi suke yi mana, don ba kowa ne yake iya buɗe baki ya ce “a'a” ga wanda ya zo taimakonsa ba. Mutumin ya lura da duwatsu domin wuƙarsa ce za ta fashe. Da ƙullin nasa ne, ai da ya gan su.

Ni da nake tsaye a gabanku na taɓa yi. Na yi wata uku ina kai wa wani dattijo marar lafiya magani da nasiha, in ajiye in fita da sauri, ina jin daɗin kaina. Sai bayan ya rasu matarsa ta ce mini kullum yakan sa a shimfiɗa tabarma, ko zan zauna. Ban taɓa zama ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Ubangijinmu, da ya fi kowa iko, yakan tsaya ya tambayi mai bukata abin da yake so kafin ya miƙa hannu. Mu su wane ne da za mu wuce tambaya? Kafin ka taimaki mutum, kashe injinka. Shiga ta ƙofa, yi sallama, zauna, ka bar shi ya gama maganarsa. In ka ga hannu a sama, kada ka yi saurin cewa godiya ce. Allah yana gafartawa, ya kuwa gafarta wa mutumin nan, ban yi shakka ba. Amma gafara ba ta komo da Mama Afiniki ɗakinta ba. Shucin ya sake tsirowa a gangaren, kowace shekara yana fin tsayin mutum, babu mai ƙulla shi.