Manhaja Uku da Furen Riɗi

Akwai wani saurayi a Gadarif, ƙasar Sudan, sunansa Taha, mai shagon buga takardu a bakin kasuwa. Labarinsa ya fara ranar Talata, goma sha biyu ga Agusta, shekarar 2014, da ƙarfe huɗu na yamma, a ƙarƙashin rumfar kakarsa Ummusalama, wadda kowa ke kira Habboba, wato kaka da Larabcin Sudan.

Ruwa ya ɗauke ke nan. Tana zuba masa gahawa, rabi a finjali rabi a ƙasa, domin idonta ya fara dushewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ba ya komawa baya.

"Maigidana," in ji ta, cikin wasan kaka da jika, "an ce kai ne mai son yin fim. To, ga aiki na kawo maka."

Ta sake ba shi labarin da ya sha ji. Tana amarya suka baro ƙasar Hausa da mijinta, sun nufi Makka, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan lori. Wata safiya ta damina suka sauka kudu da Gadarif. Hazo na tashi daga baƙar ƙasa, riɗi ya yi fure fari fat har iyakar gani. Ta shiga cikin gonar da shuɗin zanenta, raɓa na jiƙa mata ƙafa, ta juyo ta ce wa mijinta, "Mu huta damina ɗaya a nan." Hutun ke nan har yau. Shi ya rasu, ita ta tsufa.

"Ina so in sake ganin wannan safiyar kafin fitilar ta mutu," ta ce, tana shafa idonta. "Ƙanwarka Rufaida ta ɗaura shuɗin zane ta zama ni. Dama ita ta kwashe kyawuna, kai hancin kawai ka samu."

Taha ya yi dariya, amma zuciyarsa ta riga ta tashi sama. Tun yana yaro yake wucewa ta gaban gidan sinima da aka rufe, yana ganin fina-finan da ba a nuna ba a cikin ransa. Ya ce, "Halas, an gama, Habboba. Bana za ki gani."

Washegari ya kira abokinsa Gado, mai ɗaukar bidiyon bukukuwa. Gado ya ce kawunsa na da gonar riɗi a Simsim, kuma furen na gab da buɗewa.

"Ya zol, mutumina, wannan ai aikin safiya ɗaya ne. Rubuta mana shafi biyu, mu ɗauki Rufaida mu tafi."

Taha ya dube shi sheƙeƙe. "Kai da ka saba ɗaukar mata suna guɗa. Fim ba haka yake ba. Akwai manhajar da ake rubuta shi da ita, mai ajiye sunan ɗan wasa a wurinsa, maganarsa a wurinta. Sai na zaɓi wadda ta dace."

"Ina da wata a kwamfutata, kyauta ce, kuma tana aiki."

Taha ya leƙa. 'Yar ƙarama ce, fari da baƙi, ba ado. Tana rubutu daga dama yadda 'yan wasansu suka iya karantawa, kuma ba ruwanta da intanet. Ya taɓe baki.

"Wannan ta 'yan koyo ce."

Shi idonsa na kan wata, wadda ya ji an ce manyan masu fim na ƙasashen waje da ita suke aiki. Saye ba ya yiwuwa saboda takunkumin da ke kan ƙasar, sai ta gwaji ya sauke. Kyakkyawa ce, kullum ya buɗe ta sai ya ji kamar ya riga ya zama wani. Amma in ya rubuta da haruffan Larabci, sai ta warwatsa su. Ya shafe mako yana neman gyara.

Sai wani ya nuna masa ta biyu, wadda mutum biyu za su iya rubutu a cikinta lokaci guda. Ita kuma ba ta motsi sai da intanet, ga shi da an yi hadari layi ya ɗauke. Ya koma ta farko. Ya dawo ta biyu. Ruwan ido ya kama shi.

A cikin wannan zaman ne fim ɗin ke girma a kansa. Da rana, in kasuwa ta yi shiru, yakan jingina da injin kwafi ya lumshe ido. Sai ya ga hazo, ya ga raƙuma sun ɓullo daga yamma, ya ga shuɗin zane yana iyo a cikin farin fure kamar kwale-kwale a kan madara. Ya ga an buɗe gidan sinima, Habboba a sahun gaba. In ya buɗe ido, shafin na nan fari, ba kalma ɗaya.

Wata Juma'a Habboba ta tare shi. "Maigida, ka sake ni ne ban sani ba? Ina fim ɗina?"

"Ina kan zaɓen kayan aiki, Habboba."

"Kakanka da fartanya ɗaya ya zo ƙasar nan, ita ma aro ce." Ta juyo da fuskarta, amma ɗan gefensa take kallo. "Matso kusa. Yau kamar hayaƙi nake ganinka."

Ya ce mata mako mai zuwa. Mako ya zo ya wuce. Gado ya yi ta kira har ya gaji.

Ranar da wa'adin manhajar gwajin ya ƙare, ta kulle. Sai Taha ya nemi 'yar ƙaramar ta Gado, wadda ya raina tun ranar farko. Kafin azahar ya gama rubutun. Shafi uku ne.

Suka hau mota da Rufaida da shuɗin zane sai Simsim. Da suka sauka, ba fure ko ɗaya. Riɗi ya yi kwanso, ganye ya koma rawaya, ma'aikata na wasa lauje.

Kawun Gado ya ce, "Fure kuke nema? Ya ɗana, ai ya zube tuni. Sai baɗi, in da rai."

Rufaida ta ninke zanen.

Baɗi ta zo, kuma da rai. Safiyar da furen ya buɗe suna cikin gona, hazo ya tashi kamar an roƙe shi. Fim ɗin ya yi kyau. Amma tun watan azumi fitilar Habboba ta mutu.

An nuna shi bayan la'asar a ɗakinta, an rufe taga da zane, maƙwabta sun cika har bakin ƙofa. Aka zaunar da ita daf da talabijin. Ta miƙa hannu ta taɓa gilashin, ta ji ɗumi, ta janye.

"Maigida, zo ka zauna nan. Faɗa mini."

Taha ya durƙusa kusa da ita. "Hazo na tashi, Habboba. Ga ki nan kin shiga gona."

"Zanen shuɗi ne?"

"Shuɗi ne."

"Furen fa?"

"Fari fat, har iyakar gani."

"Na juyo?"

"Yanzu kika juyo."

Leɓenta ya motsa tare da muryar Rufaida: mu huta damina ɗaya a nan. Ta yi murmushi, ta lalubo kansa ta dafa.

"Da baki na ba ka labarin nan, da baki ka maido mini. To, mun yi canjaras. Daina kuka, kana jiƙa mini zane."

Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, suna yabon hoto. Waɗanda suka rage a ɗakin su ne: Gado, yana naɗe waya kansa a ƙasa, Rufaida, da shuɗin zanen a cinyarta, Taha, a durƙushe inda yake, sai Habboba Ummusalama, fuskarta na fuskantar talabijin ɗin da aka kashe.

Darasi: Zaɓen kayan aiki abu ne mai kyau, amma ba shi ne aikin ba. Wanda ya raina abin da ke hannunsa yana neman mafi kyau, yakan dawo gare shi bayan lokaci ya ƙwace. In akwai wanda ke jiran wani alheri daga gare ka, fara yau da abin da ka samu, domin fure da ido ba su san kana shiri ba. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana ta shiri bai fara ba.