Muryar Baba Magaji a Wayoyin Gangara

Akwai wani saurayi a Gangara mai suna Faruku. Ya yi lakol, wato makarantar boko, a Maraɗi, ya koyi aikin tsare wayoyi da kwamfuta daga ɓarayin intanet. Kansa yana ja, wannan ba wanda ya musa. Wani kamfani a Yamai da ke tsaron bayanan marasa lafiya ya zaɓe shi aiki. Abu ɗaya ya rage: malamarsa, Madam Ummukulsum, ta shaide shi.

Kafin kiran aikin ya zo, ya dawo gida yana gyara wa mutane salula ranar kasuwa.

Wata rana maƙwabcinsu Baba Magaji ya zo. Dattijo ne da ake kira idan an yi rikicin iyakar gona, ya duba ya ce nan ne, kowa ya yi shiru.

"Kai ɗan boko, wani ya kira ni ya ce in faɗa masa lambobin da suka shigo. Na ba yaro ya karanta masa. Tun daga nan ban ƙara jin 'yata ba."

"Baba, ai da hannunka ka miƙa wa ɓarawo makullin saƙonnin wayarka!"

"To ƙwato mini, uban iyayi."

Faruku ya ƙwato masa. Da nan ya tsaya, da ba ni da labarin ba ku. Amma sai ya buɗe saƙonnin muryar da tsohon ya aika wa 'yarsa Zulai, wadda ke aure a Cadakori. A ɗaya daga ciki, Baba Magaji yana kuka. Yana cewa idonsa na mutuwa, har ya yi noma ya sare hatsinsa yana zaton ciyawa ce. Yana roƙonta kada kowa ya ji.

Faruku ya tura wa kansa saƙon. Da la'asar ya kunna wa abokansa a fadar shayi, suka yi ta dariya.

"Turo mini, don Allah," in ji abokinsa Hashimu.

"Kada ka ba kowa fa."

"Haba, ni?"

Kafin kasuwa ta zagayo, kukan dattijon ya shiga kowace waya. Yara na kwaikwayonsa a bakin rijiya. Aka yi rikicin gona, ba wanda ya aika a kira shi. Ya daina fita ko ƙofar gida, har Zulai ta zo ta tafi da shi.

Saƙon ya bi dangi ya kai Agiye, garin mijin Madam Ummukulsum. Ta ji, ta tambaya, aka gaya mata inda ya fito. Ta kira Faruku.

"Kai ka fitar da muryar tsohon nan?"

"Madam, wasa ne kawai."

"Wasa? Aikin da kake jira, sirrin marasa lafiya za a damƙa maka. Mutum ɗaya ya ba ka wayarsa ka yi masa haka. Ba zan shaide ka ba."

Aka ba wani aikin. Uwarsa Batulu, wadda ta gama gaya wa dangi ɗanta zai tafi Yamai, ta kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Faruku ya shiga mota ya tafi Cadakori. Ya tarar da Baba Magaji zaune a kan tabarma, ya rame, yana lalube. Ya durƙusa.

"Baba, ni ne Faruku. Ka yafe mini."

Tsohon ya juyo wajen da muryar ta fito.

"Na yafe maka, ɗana. Amma ka yi mini abu ɗaya. Kai ka iya abin nan. Ka cire muryata daga wayoyin mutane, in koma garinmu in mutu a ɗakina."

Faruku ya fashe da kuka. Duk karatun da ya yi, ba a koya masa wannan ba, domin babu mai iya shi.

Baba Magaji bai koma Gangara ba. A Cadakori aka binne shi kafin kaka.

Darasi: Ku tura 'ya'yanku su koyi aikin na'ura, sana'a ce mai kyau kuma ana neman masu ita. Amma ku fara koya musu riƙon amana tun a gida. Wanda ya ba ka wayarsa, asirinsa ya ba ka. Ku tura wa matasanku wannan su karanta, shi ne abin da ya cancanci a tura.