Ƙasar da Ba a Shuka Ta Sai Ruwa Ya Ɗauke

Akwai wani manomi da aka haifa a ƙasar jigawa, can arewa, inda yashi yake ja-ja, mai laushi, ba ya gardama da fartanya. A ƙasar nan in aka yi ruwa da safe, kafin rana ta take ƙasa ta shanye shi, mutum ya shiga gonarsa ya fito ƙafarsa ba ta ɗauki komai ba. Gero ne abincinsu, sai wake da gyaɗa a tsakanin kunya. A tsakiyar gonar ubansa akwai wani babban gawo. A inuwarsa ya koyi riƙon fartanya, kusa da shi kuma aka binne uban.

Sai shekaru suka juya. Ruwa ya riƙa zuwa a makare yana ɗaukewa da wuri, rairayi ya riƙa cin gonaki daga gefe, har rijiyar garin ta ƙafe. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya. Manomin nan shi ne ƙarshen tashi, shi ma ba da son ransa ba. Ya ɗauki matarsa, da sunguminsa na shuka, da wata 'yar jakar fata cike da irin geron ubansa, wanda gidansu suke shukawa tun kaka da kakanni. Suka nufi kudu maso gabas, inda aka ce musu akwai ruwa.

Da suka isa, zuciyarsa ta karaya. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, baƙa ƙirin, ba tudu ba kwari, ba itacen kirki sai ƙaya nan da can. Rani ne a lokacin, ta bushe ta tsattsage, wata tsagar har ƙafar akuya takan shige. Ya tsuguna ya ɓantari ɗan ɓangare, ya ji shi da tauri kamar katangar tukunya. Mutanen garin suka karɓe su hannu biyu, suka ba su wurin zama da fili, wani dattijo kuma ya zama maƙwabcinsu. Duk da haka kowace yamma manomin yakan fita bayan gari ya juya fuskarsa arewa, ya tsaya yana kallo, alhali ba abin da ake gani sai inda sama ta haɗu da ƙasa. Kewar gida tana cinsa, bai kuwa ɓoye ba.

Wata rana matarsa ta ce, “Maigida, kowane gida a nan da rumbunsa. Mu ba za mu gina ba?”

Ya ce, “Wanda zai koma gida, me zai yi da rumbu?”

To, mutanen jigawa suna da wata al'ada da suke kira binne. In iska ta juya, aka fara ganin gajimare, sai su shuka geronsu a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan fari ya tarar da iri yana jiransa. A can wannan dabara ce, mai yin ta shi ake kira manomi. Da mutumin nan ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya ƙagu ya fita shuka. Ya duba mutanen garin, ga su zaune a inuwa suna tufkar igiya suna hira. Ya ce a ransa, Allah ya haɗa ni da ragwaye.

Ya saɓa sungumi, ya rataya jakar iri. Dattijon maƙwabcinsa ya hange shi ya ce, “Baƙona, ina zuwa haka?”

“Gona mana, Baba. Ba ka ga gabas ba?”

“Na gani. Amma ƙasarmu ba ta son gaggawa, kuma ba ta san gero ba. Ajiye irinka tukuna.”

Manomin ya yi murmushi ya ce, “Baba, da gero aka yaye ni.”

Matarsa ta biyo shi har ƙofa tana cewa ya rage ko da cikin tafin hannu ne. Ya ce mata iri na ƙasa ne, ba na jaka ba. An ce matambayi ba ya ɓata, amma wa zai tambayi hanyar abin da yake gani ya fi kowa sani? Sabo kuwa turken wawa ne. Ya sari ƙasa, sungumi ya yi tsalle ya dawo masa. Da ya ga haka sai ya riƙa zuba irin a cikin tsagogin, yana turbuɗa ɓurɓushin ƙasa a kai, har ya zazzage jakar kaf.

Ruwa ya sauka. Baƙar ƙasar nan ta sha, ta kumbura, tsagoginta suka rufe ruf kamar ba a taɓa yin su ba. Aka ƙara ruwa, ta ƙoshi, ta ƙi karɓar sauran, sai ya kwanta a kanta, fili duka ya zama tafki. Manomin ya shiga gonarsa, laka ta kama ƙafarsa ta tuɓe masa takalmi. 'Yan tsirin da suka fito suka yi rawaya, suka kwanta a cikin ruwa. Ya sa hannu ya tono, ya sami ƙwayoyin geron sun ruɓe suna tsami. Nan ya tsaya cikin ruwa har gwiwa ya yi kuka, gama ji ya yi kamar ubansa ya sake mutuwa a karo na biyu.

Ya komo gida ya ce wa matarsa, “Ɗaure kaya. Gara in mutu a ƙasar da ta san ni.”

Ta ce, “Mu koma wa me, Maigida? Rijiyar da ta ƙafe?”

Ya shiga tattara kaya. Amma ruwa ya rufe hanyoyi duka, ba jaki ba ƙafa, dole suka zauna jiran ya janye. Suka ci abin da maƙwabta suka sammusu. Can wajen ƙarshen damina ya ga dattijon ya je wani ɗan wuri mai tudu a bayan gari, ya watsa irin wata dawa a cunkushe, ta fito kamar ciyawa. Bai tambaya ba, don hankalinsa ya riga ya kama hanya.

Ruwa ya ɗauke, sama ta washe, tafkin ya janye ya bar baƙar ƙasa tana sheƙi. Ranar da manomin ya gama ɗaure kayansa, sai ga dattijon da damin 'ya'yan dawar nan da ya tuge, da wani turke mai nauyi mai tsini a kafaɗa. Ya ce, “Baƙona, lokacin gona ya yi. Ga masakwa na kawo maka, dawar rani ce, dasa ta ake yi.”

Manomin ya dube shi ya ce, “Baba, ba'a kake mini? Damina ta wuce. Wa zai ba ta ruwa?”

Dattijon ya ce, “Ruwan da ya kashe maka gero, ina kake tsammani ya tafi?”

Ya ja shi zuwa gonar, ya ɗaga turken ya caka a ƙasa, ya zare, ya ce masa ya sa hannu. Manomin ya zura hannunsa a ramin, ya ji sanyi da danshi sun kama yatsunsa. Dattijon ya ce, “Ƙasarku takan sha ta manta. Tamu takan sha ta ajiye.”

Kunyar tsohon ce ta sa ya yi dashen, ba bangaskiya ba. A caka rami, a zuba ɗan ruwa, a sa tsiro, a wuce gaba. Ya ce wa matarsa su ɗan dakata da tafiya, ya ga ƙarshen wannan wasa. Kowace safiya yakan ɗaga kai ya nemi gajimare yadda ya saba, bai ga ko ɗaya ba. Fuskar ƙasar ta sake bushewa, ta fara tsagewa, ya ce shi ke nan. Amma masakwa ta tura saiwarta ƙasa tana bin danshin, da safe kuma raɓa ta jiƙa mata ganye. Ta yi kore shar a lokacin da duk ciyawar daji ta bushe. Ta yi kara, ta fid da kai, ta nuna, ko ɗigon ruwa bai sauka a kanta daga sama ba.

A tsakiyar lokacin sanyi suka girbe. Zangarniya ta taru tsibi a tsakar gida, kaji suna tsattsaga, ba wurin zubawa. Matarsa ta dubi tsibin, ta dube shi. Da yamma ta tuƙa tuwon sabuwar dawa ta kawo masa. Ya kai loma, ya daɗe yana taunawa, hawaye suka zubo masa. Ya ce, “Ba kamar na gero ba ne.”

Ta ce, “I, ba kamarsa ba ne. In ƙara maka miya?”

Ya cinye tas. Da gari ya waye ya kwance kayan da ya ɗaure, ya ɗebo baƙar lakar nan da ya sha zagi, ya cuɗa ta da ciyawa, ya fara gina rumbu. Da ya zo yanke ƙofar rumbun, sai ya fuskantar da ita arewa.

Ga ma'anar misalin nan, ya ku ƙaunatattu. Jigawa ita ce zamanin da ya wuce mana, wanda muka san hanyarsa, muka saba da daɗinsa. Baƙar ƙasa kuwa ita ce inda Ubangiji ya ajiye mu yau ba da zaɓinmu ba. A cikinku akwai waɗanda suka bar garuruwansu ba su koma ba. Akwai wadda ta binne mijinta, akwai wanda ƙarfin jikinsa ya tafi ya bar shi. Na san kuna juya fuska arewa da yamma. Kewa ba zunubi ba ce, Allah kuma ba ya tsawata wa mai hawaye. Kuskuren manomin nan ba son gida ba ne. Kuskurensa shi ne ya ce lalle sai sabuwar ƙasa ta bi lokacin tsohuwa, ya toshe kunnensa ga wanda Allah ya ajiye masa a maƙwabta, har ya yi hasarar abin da ya fi ƙauna.

Haka muke yi in muka ce Allah bai amsa ba, don bai amsa da irin ruwan da muka saba gani ba. Muna ta duban sama, alhali tanadinsa yana ƙarƙashin ƙafarmu. Wahalar da ta kwanta a kanka har ta ruɓar maka da iri, mai yiwuwa ita ce danshin da za ka rayu a kansa gobe. Geron bai dawo ba, ni ma ba zan yi muku alkawarin zai dawo ba. Amma kada ka zauna da kaya a ɗaure har ranka ya ƙare. Ainihin gidanmu ba a baya yake ba, yana gaba, wurin Ubanmu, inda rijiya ba ta ƙafewa. Kafin a kira ka can, ka kwance kayanka, ka yi dashe, ka gina rumbu. In ka ga dama ka sa ƙofarsa ta dubi arewa, Ubangiji zai cika shi duk da haka.